Abin Da Mai Jinya Ke Gani

Kowa ya san zai mutu, amma sanin nan iri biyu ne. Akwai sanin kunne, wanda muka samo tun muna riƙe da allo a gaban malam. Akwai kuma sanin ido, shi kuwa ba ya samuwa sai mutum ya kwana zaune a gefen tabarmar ɗan'uwansa, yana sauraren numfashinsa.

Mu ɗauki sanƙarau. Cuta ce ta rani, takan tashi in hunturu ya busar da hanci da maƙogwaro, ta yi ƙamari da bazara, ruwan farko na sauka sai ta ja da baya. Saurayi ya fita kasuwa da safe garau, da la'asar kai na sara, jiki ya yi zafi, wuya ya sanƙare. Kafin kwana biyu an kai shi makwancinsa. Wanda ya tashi ma, wani sa'i ya tashi kurma. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, galibinsu a Arewa. To, amma adadi a takarda bai taɓa hana kowa barci ba, mu masu aikin alƙalami mun san haka. Uwar da ta riƙe kan ɗa guda ita ta san abin da 11,000 ke nufi.

Waɗansu na cewa ibadar da jinya ke haifarwa tsoro ne kawai, majinyaci na miƙewa sai tasbaha ta koma aljihu. Da gaskiyarsu, gama ɗan Adam mantau ne. Duk da haka wanda ya ga ƙaƙƙarfa ya kāsa ɗaga moɗa, da wuya ya sāke kallon ƙarfin kansa kamar dā.

Inda na fi jin tsoro shi ne wanda ganin ya kashe masa zuciya, har ya ce tun da ajali a rubuce yake, me za a je yi asibiti? Sayyidina Umar bai fahimci ƙaddara haka ba. Da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, sai ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne, Umar ya nuna masa juyawar ma cikin ƙaddarar take. Abu Ubaida ya zauna tare da rundunarsa, annobar Amwas ta ɗauke shi a shekara ta 18 bayan Hijira. Ba wanda zai ce ɗayansu ya gaza imani, amma Umar ne ke da alhakin rayukan da ke biye da shi.

A 2010 aka fara sabuwar allurar rigakafin sanƙarau a Burkina Faso da Mali da Nijar, ta iso Nijeriya a 2011, irin da ya yi ɓarnar 1996 ya kusa ɓacewa. Sa'an nan a 2017 wani iri dabam ya ɓulla a Zamfara da Sakkwato, iyaye suka sāke kwana zaune.