Kada Ka Yarda Da Dukan Abin Da Zuciyarka Take Faɗa Maka

Ya mai karatu, akwai wata murya da takan yi maka magana da dare, sa'ad da kowa ya yi barci. Takan ce, "Kai ba komi ba ne. Gonarka ba ta yi ba, bashi ya hau kanka, ba mai kula da kai." Da maƙwabci ne ya faɗa maka haka, da ka musa. Amma da yake zuciyarka ce, sai ka yarda.

Annabi Iliya ma ya ji wannan murya. A bisa Dutsen Karmel ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450, Allah kuwa ya amsa masa da wuta. Amma da sarauniya Yezebel ta rantse za ta kashe shi, sai ya gudu cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi mutuwa.

Dubi abin da Allah ya yi. Bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da gurasa da ruwa har sau 2. Mai gajiya da yunwa ba ya auna magana daidai. Bayan tafiyar kwana 40, a Dutsen Horeb, Iliya ya yi kuka cewa shi kaɗai ya rage. Allah ya nuna masa akwai mutum 7,000 waɗanda ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ashe lissafin zuciyarsa ba gaskiya ba ne! Sa'an nan ya ba shi aiki, ya ba shi Elisha abokin tafiya.

Kai fa? In muryar ta zo, ka tambaye ta, "Ina shaidarki?" Ka ci abinci, ka huta. Ka faɗa wa wani amintacce damuwarka. In baƙin ciki ya wuce mako 2, ba barci, ba marmarin abinci, ko kana tunanin kashe kanka, ka tafi wurin likita ba da jinkiri ba. Ciwo ne, ba rashin bangaskiya ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Zuciyarka ta ce ba ka da daraja. Amma Yesu Almasihu ya ba da ransa dominka. Wa za ka gaskata? Ka zo gare shi yau da nauyinka duka.