Zinariya da Dalma Cikin Dutse Ɗaya

Akwai tambayar da ta daɗe tana damun masu zurfin tunani: ko abubuwa biyu masu gaba da juna suna iya haɗuwa su zama ɗaya? Kadinal Nikolas na Kusa, mutumin Jamus wanda ya rayu daga 1401 zuwa 1464, ya amsa ta da misalin da'ira. Gefen da'ira a lanƙwashe yake, miƙaƙƙen layi kuwa ba shi da lanƙwasa. Amma in aka riƙa faɗaɗa da'irar, lanƙwasar sai ta riƙa raguwa. Da za ta kai girman da ba shi da iyaka, da gefenta ya miƙe sak. A littafin da ya kammala a 1440 ya koyar da cewa a wurin Allah, wanda ba shi da iyaka, a nan ne kishiyoyi suke haɗuwa ba tare da ɗaya ya rushe ɗaya ba.

A wurin Allah, ya ce. Mu kuwa masu iyaka ne, kuma ina tsoron yadda muke mai da wannan koyarwa matashin kai. Sai ka ji mutum ya ce ai zuma ma da zaƙi da harbi, ya kaɗe rigarsa ya tafi, yana zaton ya sulhunta wani abu.

Bari mu duba Yargalma, cikin Ƙaramar Hukumar Bukkuyum ta Jihar Zamfara. Sa'ad da farashin zinariya ya hau a kasuwannin duniya, manoman yankin suka dukufa haƙa. Suna kawo duwatsun cikin gari, ana niƙa su a inji, mata suna dakawa a turmi a tsakar gida. Dutsen da ke ɗauke da zinariyar, shi ne kuma ke ɗauke da dalma. Ƙurarsa ta kwanta a ƙasar da yara ke rarrafe, suna kai hannu baki, jikin yaro kuwa ya fi na babba saurin shan wannan guba. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura yara suna ta mutuwa da jijjiga. A Yargalma, da Dareta ta ƙasar Anka, da ƙauyukan da ke kewaye, yara kimanin 400 suka rasu, waɗansu da suka tsira kuma gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Wa zai tsaya gaban uwar da ta binne ɗanta ya yi mata karin maganar zuma?

A irin wannan hali murya biyu ke tashi. Ɗaya ta ce a hana haƙa ɗungum. Ɗaya ta ce ƙaddara ce, kuma ciki ba ya jira. Kowacce da rabin gaskiya a hannunta. Mai cewa a hana ya manta cewa magidancin da gonarsa ba ta ciyar da shi shekara ba zai bar zinariya a ƙasa ba. Sai dai ya ɓoye aikin a cikin ɗaki, inda ya fi haɗari. Mai cewa ƙaddara kuwa ya yi wa Mahalicci ƙazafi, gama ba shi ya zuba ƙurar a tsakar gida ba.

Abin da ya ceci rayuka aiki ne na fartanya da shebur. Aka kankare ƙasar saman gidaje, aka binne ta a ramuka bayan gari, aka shimfiɗa sabuwa. Likitoci suka ba yara maganin da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, amma sun nace sai an share gida tukuna, domin yaron da aka mayar cikin ƙurar zai sake kamuwa. Aka fitar da niƙa daga cikin gari. Aka koya wa mahaƙa su jiƙa dutse kafin su niƙa, su yi wanka su sake tufafi kafin su shiga gida su ɗauki 'ya'yansu. Zinariya da dalma ba su daina gaba ba. An dai sa tazara tsakanin turmi da yaro, uban kuma bai rasa abincinsa ba.

Ko wannan ma bai zo wa kowa a kan lokaci ba. An share Yargalma da Dareta tun 2010, amma garin Bagega, wanda ya fi su yawan jama'a, sai da ya jira kuɗin aikin har 2013, yaransa suna wasa a cikin ƙurar nan.