Bayan An Naɗe Tabarmin Makoki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya ku ƴan'uwa a ɗariƙa, mun iya zaman makoki na kwana uku: gida ya cika, a yi addu'a, a watse. Amma zafin rashi yakan tsananta ne bayan an naɗe tabarmi, sa'ad da mai takaba ta rage ita kaɗai, da sauran wata huɗu a gabanta.

Hawaye ba ya ɓata haƙuri. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Da Sayyidina Ja'afar ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci. Ashe ta'aziyya hidima ce.

Masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun lura cewa yawancin waɗanda aka yi wa rasuwa suna samun sauƙi a hankali, da taimakon dangi da maƙwabta. Zama da gwani ya fi amfanar wanda baƙin cikinsa ya wuce wata shida yana hana shi aiki da shiga mutane.

Don haka bayan wazifa, duba wanda ya daina zuwa zawiya tun da aka yi masa rashi. Ziyarce shi, ka saurare shi, kada ka ce imaninsa ya yi rauni. In abin ya daɗe, sanar da muƙaddami, a raka shi wurin likita. Neman magani ba ya warware tawakkali.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sanyaya zukatan waɗanda suka bari, albarkacin Shugaba (SAW). Amin.