Katangar Ƙasa da Haƙƙin Maƙwabci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, damina ta kusa. Duk mai katangar ƙasa a Kafancan ya san ruwan kudancin Kaduna ba irin na Katsina ko Daura ba ne, yana sauka da wuri, yana daɗewa. Katangar da ba a yi wa yaɓe ba, kafin kaka sai ka ga gindinta ya zaizaye.

Ginin ƙasa ba abin raini ba ne. Da Manzon Allah (SAW) ya iso Madina a shekarar 622, da tubalin ƙasa aka gina masallacinsa, ginshiƙai kututturen dabino, rufi kuma ganyensa. Filin na marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu. Sun so su ba da kyauta, ya ce sai an biya su. Sannan shi da kansa ya riƙa ɗaukar tubali tare da Muhajirai da Ansaru, wato baƙi da 'yan gari a aiki ɗaya. A ƙasarmu ma, tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, da ƙasa da azara aka yi shi.

To amma ku lura, mutum ɗaya ba ya ginin ƙasa. Wani na haƙa, wani na kawo ruwa, samari na tattake kwaɓi da ciyawa, magini na sama ana cilla masa tubali, mata na dafa abincin 'yan gayya. Ginin bulo, ka biya lebura ku rabu. Na ƙasa kuwa, kowace shekara sai ka koma wurin mutane, don haka dole ka zauna da su lafiya. A Jenne ta ƙasar Mali, gari guda ke fitowa duk shekara a yi wa babban masallaci yaɓe.

Zamanmu a nan ma haka yake. Wasunmu a nan aka haifi kakanninsu tun zuwan jirgin ƙasa, wasu fataucin citta da hatsi ya kawo su. Maƙwabtanmu Fantswam, Bajju, Kaninkon, Kagoro da Jaba, da su muke ciniki kullum. Mun ga 1987, mun ga 2011 lokacin da kasuwa ta ƙone, aka yi asarar rayuka da dukiya ta kowane ɓangare. A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi daga ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a garin nan. Alhamdu lillahi. Sai dai yarjejeniya katanga ce, in ba a bi ta da yaɓe ba, ruwa zai ci ta. Yaɓenta shi ne gaisuwa, ta'aziyya, duba mara lafiya, cika mudu, da biyan manomi kuɗin cittarsa a ranar da aka yi alkawari.

Malamai sun bayyana cewa maƙwabci yana da haƙƙi ko da ba Musulmi ba ne. Saboda haka, magidanta, kafin ruwa ya sauka kowa ya zagaya layinsu. In akwai katangar tsohuwa ko ta marayu da ta tsage, ku tara samari ku gyara, ba sai an tambayi addininta ba. In maƙwabci ya kira gayya, ku tura 'ya'yanku. Alhazai 'yan kasuwa, wanda ba zai iya taka kwaɓi ba ya kawo ruwa ko abinci. Iyaye mata, a gyara magudana kada ruwan gidanmu ya ci gindin katangar wani, wannan cutarwa ce, kuma za a tambaye mu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da Kafancan da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Amin. Juma'a mai albarka.