Baƙo Raɓa Ne?

Hausawa kan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Watau baƙo da hantsi ya yi sai a neme shi a rasa, ɗan gari kuwa yana nan daram. To, amma mutumin da aka haife shi a wuri, aka haifi ubansa a nan, har yanzu raɓa ne? Labarin Sabon Garin Kano ya isa a auna wannan magana da shi.

A shekarar 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Jirgi ya kawo akawuna da kafintoci da 'yan kasuwa, Yarbawa da Ibo da Nufawa, har da mutanen Saliyo da Gwalkwas. A 1913 Turawan mulki suka yanka musu fili a bayan ganuwa, suka raba su da hukuncin Sarki da na alkali. Kowa da dokarsa, kowa da makarantarsa, sai a kasuwa kaɗai a ke gamuwa.

Kafin zuwan Turawa Kano ba ta saba yin haka da baƙi ba. Sunayen unguwannin cikin birni su ne shaida. Ga Ayagi ta Yarbawa, ga Tudun Nufawa, ga Zangon Barebari, ga Agadasawa. Kakannin waɗannan duk baƙi ne, amma aka yi cuɗanya da auratayya, har jikokinsu suka zama Kanawa sosai.

Raba zama ya hana sanin juna, rashin sani kuwa shi ke haifar da zargi. A watan Mayu na 1953 rikicin siyasa ya tashi tsakanin mutanen Sabon Gari da maƙwabtansu, aka yi asarar rayuka. A 1966 aka yi wanda ya fi shi muni, Ibo masu yawa suka hallaka, dubbai suka gudu suka bar gidajensu. Duk da haka, da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, da yawansu suka komo. Raɓa kuwa ba ta komowa neman gidanta.

Har wa yau, ya kamata a tuna Bahaushe ma baƙo ne a wani wuri. Tun 1916 aka keɓe wa Hausawa masu fataucin goro da shanu unguwar Sabo a Ibadan. A can su ma so su ke a tsare musu rai da dukiya da wurin ibada. Wanda ya ke neman wannan ga ɗan'uwansa a Ibadan, ba shi da hujjar hana wa maƙwabcinsa a Kano.

Saboda haka baƙunci ba gado ba ne. Wanda ya gina ɗaki a gari, ya biya haraji, ya binne iyayensa a ƙasarsa, ya zama ɗan gari, hakkinsa kuwa yana wuyan duk wanda ya ke maƙwabtaka da shi.