ABOKIN ZAMA: A INA MATASHIN ZANGO ZAI SAMO NAGARI?

 

 Zango wuri ne mai cinkoson jama'a, gida ɗaya iyali barkatai, amma duk da haka akwai matasa da yawa a cikinmu waɗanda kaɗaici yake ci. Ga yaron da ya sauko daga Bawku ko Yendi ya sauka a Nima ko Aboabo, bai san kowa ba sai wanda ya ba shi wurin kwana. Ga kuma ɗan gida wanda ya gama makaranta bai sami aiki ba, yini guda idonsa na kan waya, yana da ɗaruruwan abokai a Facebook, amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi babu mai leƙo shi.

To, ku sani duk wanda bai zaɓi abokansa ba, lungu zai zaɓa masa. Majalisun nan da muke kira bes, wasunsu na alheri ne, ana shan ataya ana taimakon juna a suna da jana'iza. Wasu kuwa da ataya ake farawa, daga nan sai cacar ƙwallo, sai tramadol, in zaɓe ya zo ɗan siyasa ya kwashe su a mota ya sa su gaba wajen rigima. Yaron da ya faɗa ciki ba sharri ya fita nema ba, wurin zama ya nema, su ne kuma suka fara matsa masa a benci.

Manzon Allah (SAW), a hadisin Abu Musal Ash'ari wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya kamanta abokin kirki da mai sayar da turare, ko ba ka saya ba ka tashi da ƙamshi, mugun aboki kuwa da mai zuga wutar maƙera, in bai ƙona maka riga ba ka kwashi wari. A aya ta 67 ta Suratuz Zukhruf kuma Allah Ya sanar da mu cewa abota za ta juye gaba ranar Alƙiyama, in ban da ta masu taƙawa. Ashe zaɓen aboki lamari ne na Lahira.

Dubi abin da Annabi (SAW) ya yi da ya isa Madina a shekarar 622 Miladiyya. Muhajirai baƙi ne da suka baro gida da dukiya, sai ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu da Ansaru. Ya haɗa Abdurrahman ɗan Aufu da Sa'adu ɗan Rabi'u. Sa'adu ya yi tayin raba dukiyarsa biyu, Abdurrahman ya sa masa albarka, ya ce a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Abin da baƙo ya fi bukata ke nan, wanda zai nuna masa hanya.

Wani zai ce, shin wasa da nishaɗi suna da gurbi a addini? Ƙwarai kuwa. Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ya sa an yi tseren dawaki, ya ƙarfafa wa masu gasar harbin kibiya gwiwa, ya kuma bar Habashawa suka yi wasa da masu a cikin masallaci ranar Idi. Saboda haka nemi ƙungiyar da ake yin abin da ranka yake so na halal, domin abota ta fi saurin ƙulluwa a wurin da hannu yake aiki tare.

In ƙwallo kake so, je filin unguwa da la'asar ka tambayi mai horar da yara. Mohammed Kudus, wanda ya ci wa Gana ƙwallo biyu a wasanta da Koriya ta Kudu a gasar duniya ta 2022, a ƙaramar ƙungiya ta Nima ya fara. Akwai masu gudun motsa jiki da sassafe ranar Lahadi, akwai masu musaffa da tilawa, akwai masu gayyar yashe kwata kafin damina. 'Yan'uwa mata, ku haɗu wajen ɗinki da girki da lalle da karatu, da sanin iyayenku. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tsaya bayan salla ka tambayi liman ko ladan, domin sun san kowa a unguwa. Kada kunya ta hana ka, kuma kada ka yanke hukunci da zuwa ɗaya.

Kafin ka saki jiki, auna ƙungiyar da tambayoyi huɗu. Na ɗaya, in an kira salla ana tsayawa, ko kuwa ana yi wa mai tashi dariya? Na biyu, ana sa kuɗi a kan wasa? In ana sawa, caca ce. Na uku, me ake faɗi game da wanda ba ya nan? Abin da ka ji, shi za a faɗa a kanka. Na huɗu, za ka iya gaya wa mahaifiyarka inda ka yini ba tare da ƙarya ba? Idan akwai maƙwabtanmu Kirista a ciki, wannan ba laifi ba ne, aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta halatta kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba. Kai dai ka riƙe sallarka da halinka.

Daga ƙarshe, ku da kuke cikin ƙungiyoyi, nauyi yana kanku. Wannan baƙon da kuke gani a sahun baya yana sallamewa ya fice shi kaɗai, ku tare shi a ƙofar masallaci ku tambayi sunansa da garinsu, ku gayyace shi wannan makon, tun kafin wasu su riga ku.

Allah Ya haɗa mu da abokai nagari, Ya tsare mu daga miyagu, Ya sa abotarmu ta amfane mu ranar haɗuwa da Shi. Amin.