Ko Sadaka Ta Ishi Gurgu?

Ga wata tambaya da ta kamata mu auna tare. In mutum ya tarar da saurayi gurgu a bakin kasuwar Batsari, ko a tashar motar Safana, ya jefa masa naira hamsin cikin kwano, ya wuce, ya sauke nauyin da ke kansa ke nan? Da yawa za su ce i. Ni kuwa ina so in nuna cewa da sauran bashi, abin da ya saura kuwa ya fi abin da aka biya yawa.

Bari mu fara da mafarin abin. Da yawa cikin samari da 'yan matan da muke gani suna rarrafe a ƙasarmu, shan-inna ne ya kama su tun suna ƙanana. Kakanninmu sun ba ciwon wannan suna gama suna tsammani wata aljana ce, Inna, take shanye ƙafar yaro. Yanzu an san ƙwayar cuta ce. Tana fita cikin bayan gida, ta shiga ruwa ko abinci, ta bi ta baki. Cikin yara wajen 200 da ta shiga jikinsu, ɗaya ne take shanye wa gaɓa har abada. In ta shanye babu magani, amma akwai rigakafi. A shekarar 1003 ba a san wannan ba, amma a 2003 an sani. Duk da haka a shekaran nan jita-jita ta sa aka tsai da rigakafi a waɗansu jihohin Arewa, Kano ba ta koma ba sai a 2004. A 2006 yara fiye da 1,000 suka shanye a Nijeriya, jihar Katsina kuwa tana cikin inda abin ya yi tsanani. A watan Agusta 2020 ne aka shaida cewa asalin ƙwayar nan ta ƙare a Afirka. Mun gode wa Allah. Amma yaran da ta taɓa ba su ƙare ba. Su ne yau suka kai shekara ashirin da ɗoriya, suna son aiki, suna son aure, kamar sauran tsararsu.

Wannan ya kamata ya rufe bakin masu cewa alhakin iyaye ne ya kama ɗa, ko an yi wa gidan baki. Almajiran Yesu ma sun yi irin wannan zato a kan mutumin da aka haifa makaho, cikin Yohanna sura 9, Ubangiji kuwa ya ƙi ɗora laifi a kan mutumin ko iyayensa. Ya juya hankalinsu daga neman mai laifi zuwa ga aikin da ke gabansu. Haka ya kamata mu yi.

To, ina wahalar saurayin nan take? Sai mu lura da kyau. Ƙafa ta hana shi tafiya, gaskiya ne. Amma ba ƙafa ce ta hana shi karatu ba. Makaranta tana nesa, hanya yashi ce da rani, laka da damina, ba shi da keke, uban kuma ya ce kuɗin littafi a kan gurgu asara ne. Ran da aka raba gona aka ba 'yan'uwansa, aka ce shi ai ba ya iya riƙe fartanya. Ran da ya nemi aure aka ce da me zai ci da 'yar mutane. 'Yar'uwarsa gurguwa ta fi shi shan wuya, gama ita ɓoye ta ake yi a ɗaka in baƙi sun zo. Har a masujadarmu akan yi matakala uku a ƙofa, mai rarrafe ya hau da hannu, mutane suna kallo. In ka lissafta waɗannan duka za ka ga cuta ta ɗauke masa abu ɗaya, mutane suka ɗauke sauran.

Wani zai ce, ai Littafi Mai Tsarki ya umurce mu da jinƙai, sadaka kuwa jinƙai ce. Kuma bara ta daɗe a ƙasar Hausa, har tana da tsarinta, akwai sarkin guragu da sarkin makafi da sarkin kutare a manyan garuruwa. Manomin da rogonsa da geronsa ba su kai shi damina ba, da me zai saya wa ɗansa keke? Wannan magana tana da nauyi, kada mu rena ta. Mai jin yunwa yau, abinci yake bukata yau, wanda kuwa ya hana shi da sunan koya masa dogara ga kai ya yi mugunta. Ku ci gaba da bayarwa. Amma ku ga abin da sadaka kaɗai take yi. Tana ci da mutum, tana kuma barinsa inda ta same shi. Mai bayarwa ya tafi da zuciya a kwance, mai karɓa ya komo gobe ya zauna a wuri ɗaya. Yaron da aka fara fita da shi bara yana shekara bakwai, in ya kai ashirin ba shi da wata sana'a sai miƙa hannu, ya kuwa gaskata cewa abin da aka halicce shi domin shi ke nan. Gurgun nan na Ayyukan Manzanni sura 3, kullum ana ɗauko shi ana ajiye shi a ƙofar Haikali, masu shiga sujada suna ba shi kuɗi shekara da shekaru, amma a waje yake. Sai ran da Bitrus ya kama hannunsa ya shiga ciki tare da su. Ba kowa aka ba baiwar warkarwa ba. Kama hannu da shigar da mutum ciki kuwa, wannan kowa yana iyawa.

Ku tuna da Mefiboshet ɗan Jonatan. Yana da shekara 5 labarin yaƙi ya zo, mai renonsa ta ɗauke shi da gudu, ya faɗi, ƙafafunsa biyu suka gurgunce. Mutanen Ruma da Wagini da Runka da sauran garuruwan bakin Dajin Rugu ba su bukatar a fassara musu wannan labari. Sun san gudun dare. A watan Fabrairu 2020 'yan bindiga suka kashe mutum wajen 30 a Tsauwa da Dankar cikin ƙasar Batsari, ƙauyuka da yawa kuma suka watse a shekarun nan. Sa'ad da aka ji harbi kowa ya yi ta kansa, wa yake tunawa da wanda ba ya iya gudu? Naira hamsin ɗin da ka ba shi ran kasuwa ba za ta goya shi ba. Sai wanda ya lissafta shi cikin mutanen gidansa ne zai komo ya ɗauke shi. Harsashi kuma ya ƙara mana sababbin guragu, samari waɗanda jiya suke noma da ƙarfinsu. Kada wani ya yi tsammani zancen nan na gidan maƙwabci ne kaɗai.

Ku duba kuma abin da Dawuda ya yi wa Mefiboshet cikin 2 Sama'ila sura 9. Bai aika masa da ragowar tuwo ba. Ya mayar masa da gonakin kakansa, ya sa masu noma masa, ya zaunar da shi a teburinsa kamar ɗaya daga cikin 'ya'yan sarki. Ya ba shi abin hannu, ya ba shi wurin zama. Waɗannan biyu su ne bashin da ke kanmu.

An kuwa gwada, an ga yana yiwuwa. A Babbar Ruga, kan hanyar Katsina zuwa Batsari, tun ƙarshen shekarun 1930 mishan suka yi jiyyar kutare, suka koya musu karatu da aikin hannu, daga cikinsu aka sami malaman asibiti da masu bishara. A Gindiri an buɗe makarantar makafi a 1953. Ayuba Gufwan, wanda shan-inna ya kama yana yaro, ya yi karatun lauya a Jos, ya kafa wurin ƙera keken guragu mai ƙafa uku wanda ake tuƙawa da hannu, ana rabawa kyauta ga Kirista da Musulmi. A 2024 aka naɗa shi shugaban hukumar naƙasassu ta ƙasa. Gwamnati ma ta yi doka, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Janairu 2019. Dokar ta hana nuna wa naƙasasshe bambanci, ta ɗora tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 a kan mutumin da ya yi, ta kuma ce a keɓe musu kashi 5 cikin 100 na aikin gwamnati. Amma doka takarda ce. Ba ta zuwa Safana da ƙafarta sai mutane sun kai ta.

Saboda haka ga abin da kowace ekklesiya za ta iya yi, kome ƙanƙantarta. Dattawa su san kowane yaro naƙasasshe a garin, na masu bi da na maƙwabtanmu Musulmi. A tara baiko na musamman a sayi keke ɗaya, gama keke ɗaya yakan zama makarantar yaro guda. Wanda likita ya ce takalmin ƙarfe ko sanda za su taimake shi, a haɗa kuɗin mota a kai shi asibitin ƙashi na Dala a Kano. Tela da baduku da mai gyaran waya su karɓi almajiri gurgu, gama sana'ar zaune ce. Uba ya ba shi rabonsa na gona, ko ba zai noma ba ya ba da ƙodago. A cike matakalar masujada da ƙasa. A ba shi karatun Littafi ran Lahadi, a sa ta cikin mawaƙa, a ba mai lissafi riƙon littafin baiko. Kowane gida kuma su shirya tun yanzu wanda zai ɗauki wane in dare ya ɓaci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kai kuma ɗana, ke kuma 'yata, da kuke karanta wannan a zaune, kada ku yarda da abin da kwanon bara yake faɗa muku. Cikin siffar Allah aka yi ku. Hausawa sun ce babu naƙasasshe sai kasasshe. Ku nemi karatu, ku nemi sana'a, ku roƙi hakkinku ba da kunya ba. Amma mu masu ƙafafu kada mu riƙa jifanku da karin maganan nan muna zaune, gama in yaro ya yi niyya, jama'a ta kasa buɗe masa ƙofa, jama'a ce kasasshiya.

Ubangiji ya ba mu idon gani da hannun kamawa. Amin.